Ni da lissafin Bayes da datar mutanen Jos

Tambayar da na shiga mastas da ita a baki ba wata mai wuya bace. Duk wanda ya tashi a Jos ya san mutum biyu da suka ga abu daya, ko a Satumban 2001 ne ko Nuwamban 2008 ko Janairun 2010 ko ranar bam din Taminus a Mayun 2014, daya ya koma harkarsa, dayan kuma har yau in taya ta fashe a titi sai jikinsa ya hau bari. Ni so nake in san ta wace hanya abin da mutum ya gani yake zama ciwon firgicin nan da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, wanda ake kira PTSD. Zatona shi ne rikici ba mugun gani kadai yake bar wa mutum ba, raba shi yake da mutanensa. Garin nan ya tsage, wanda ya shekara ashirin da makwabtansa ya wayi gari ya koma Rikkos ko Angwan Rogo, wani ya koma Kabong ko Jenta, wadda kuke aron turmi da ita yanzu sai dai ku hadu a kasuwa ku gaisa a tsaye. To ni gani nake rashin gatan nan shi ne dan tsakani, abin da ka gani yana rage maka gata, rashin gata kuma yana kara maka ciwo.

Aunawar dai da kwashoniya ce. PCL-5 na alamomin ciwon, tambaya 20, kowace daga 0 zuwa 4, jimla daga 0 zuwa 80, kuma watan da ya wuce take tambaya ba shekarun baya ba. Sai MSPSS mai tambaya 12 kan gatan da mutum ke ji yana samu daga dangi da abokai da wani na kusa da shi. Sai jerin abubuwan da mutum ya gani ko suka same shi. Sai da kwamitin da'a ya sa hannu kafin mu fita, kuma da lambar inda za a tura duk wanda hirar ta tayar wa da hankali. Ni na dauki unguwannin da zan iya shiga ba tare da an tambaye ni 'yar wa ce ba, wata kawata 'yar ajinmu ta dauki na wancan bangaren, duka da Hausa muka yi don a Jos kowa na ji.

Ba zan manta da wata tsohuwa ba, cikin hunturu ne irin sanyin Jos din nan mai shiga kashi, tana zaune gaban kasko da gawayi ta nade kafa da zani biyu. Duk tambayoyin farko sifili take ba ni, mafarki babu, tunani babu, Alhamdulillahi. Muna cikin haka yara suka fasa nokawut a waje don Disamba ce, wallahi kofin shayin da ke hannunta sai da ya zube mata a zani. Na ce Inna in mu dakata ne sai na dawo gobe. Ta ce a'a 'yar nan ci gaba, ai ba komai, haka nake tun lokacin. Da muka zo tambayar saurin firgita kuma ta ce kadan. Kadan din na rubuta don ita aka tambaya ba ni ba, amma tun daga ranar na daina kallon lambobin nan kamar awon zinari.

Da kyar da jibin goshi muka hada mutum dari da 'yan kai. Kudi sun kare, lokaci ya kare.

A sashenmu hanyar da kowa ya sani ita ce ta Baron da Kenny ta 1986, matakai hudu a manhajar lissafi ta SPSS, ka nuna X, wato abin da mutum ya gani, na da alaka da Y, wato ciwon, X na da alaka da dan tsakani, dan tsakani na da alaka da Y, sannan ka ga ko tasirin X ya ragu in ka saka dan tsakanin. Sai ka dora gwajin Sobel na 1982 a kai ka samu fi-balu, lambar nan da ake dubawa a ga ko sakamakon ba dace ne kawai ba, ka je ka kwanta. Wadanda suka dan waye kuma PROCESS din Hayes, wani karin kayan aiki a SPSS, suke amfani da shi da butstiraf, wato a yi ta sake dibar samfuri daga datarka ana maimaita lissafin. Na gwada duka. Sobel ya ce babu komai, butstiraf ya ba ni tazarar da tasirin ke iya fadawa a ciki, gefenta daya na goga sifili, kamar akwai kamar babu. Da na duba takardar Fritz da MacKinnon ta 2007 sai na gane dalili, in hanyoyin biyu, daga X zuwa dan tsakani da daga dan tsakani zuwa Y, duk karfinsu matsakaici ne mutum 71 zuwa 90 sun isa gwargwadon ko butstiraf ka dauka ko Sobel, amma in duk kanana ne Sobel na bukatar 667, butstiraf mai gyara 462. Ni ina zan samo wannan.

Matsalar Sobel ba boyayya bace. Lissafin nan rigireshan biyu ne kawai, wato lissafin yadda wani abu ke tafiya da wani. Na farko yana ba ka a, wato yadda abin da mutum ya gani ke taba gatansa. Na biyu yana ba ka b, yadda gata ke taba alamomin ciwo bayan ka rike abin da ya gani a wuri daya. Tasirin da ya bi ta dan tsakani shi ne a sau b. To shi Sobel dauka yake wannan a sau b din yana da siffar kararrawa daidai wa daida, alhali in ka ninka abu biyu marasa tabbas abin da zai fito karkatacce ne mai doguwar jela, musamman in mutanenka ba su da yawa.

Wani yayana dan baffanmu da ke aikin data a Abuja shi ya fara ce min ki gwada Bayes mana, ya turo min takardar Yuan da MacKinnon ta 2009 a WhatsApp. Karatun farko ko rabi ban gane ba. Shi ya zaunar da ni a waya da daddare lokacin da kira ke araha, ya ce ke 'yar Jos ce, kin san dillalan dankali a Farin Gada, kafin buhu ya hau sikeli ai sun riga sun kiyasta nauyinsa da ido don sun dade suna gani, in sikeli mai kyau ne su bi sikeli, in kuwa allurarsa rawa take to sai su hada da abin da ido ya gaya musu. Shi kenan Bayes. Kana da zaton farko, firayo ke nan, data ta zo ta gyara shi, abin da ya fito shi ne zaton karshe. Data mai yawa tana danne zaton farko har ka manta da shi, data kadan kuma zaton farko na da baki a maganar. Shi mai sunan ma wani limamin coci ne a Ingila, Thomas Bayes, bai ga fitowar aikin ba, abokinsa Richard Price ne ya fitar da shi a 1763 bayan rasuwarsa.

Sufabaiza na da na kai masa maganar sai ya cire tabarau ya ce malama, kina so ki gama ko kina so ki burge mutane? Na ce ranka ya dade so nake in fadi abin da datar ta fada ba kari ba ragi. Ya ce to ki je ki yi, amma duk abin da kika saka a matsayin zaton nan naki ki rubuto min shi da dalilinsa a takarda, in sa hannu da kwanan wata kafin ki kunna komai. A lokacin na ji kamar wahalar da ni yake so ya yi, daga baya takardar nan ce ta tsaya min.

Sauke kayan aikin kansa wani yaki ne. Manhajar R, RStudio, sai Rtools don Stan, injin da ke yin lissafin, sai ya juya model dinka zuwa C++ kafin ya fara aiki, sai brms na Paul Bürkner wanda shi ne ke saukaka rubutun. Datar wayata ta sha kashi. Laftof dina tsohuwa ce batirinta ba ya rike wuta, in aka dauke wuta ana tsakiyar hada model shi kenan sai daga farko, har na koma yin aikin a shagon wani mai cajin waya a layinmu da ke da sola, ina ba shi na shayi.

Amma da ya tashi, abin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. Ka rubuta rigireshan biyun a model daya. brms in ba ka canza ba sarka 4 yake saki, wato layin laluben amsa guda hudu kowane na tafiya daban, kowace ta yi zagaye 2000, rabi na dumama jiki ne a zubar, saura 4000. Kowane layi a cikin 4000 din nan yana da a dinsa da b dinsa. Sai kawai ka ninka su layi bayan layi, ka samu a sau b guda 4000, ka zana su ka ga siffarsu da idonka, karkatacciya da jelarta yadda take ba wanda ya tilasta mata zama kararrawa. Ka dauki na tsakiya, ka yanke kashi 2.5 ta kasa da 2.5 ta sama ka samu tazarar kashi 95, in ka ga dama ka kirga nawa ne suka fi sifili. Kuma a nan kana da ikon cewa bisa wannan model da wannan zaton farko, yiwuwar tasirin na cikin tazarar nan kashi 95 ce, maganar da dalibai ke ta fada kan tazarar SPSS a difens, wato ranar kare bincike, alhali can ba haka take nufi ba.

Inda na fi dadewa shi ne zaton farko, kuma ni a ganina nan ne aikin yake, sauran duk danna madanni ne. brms in ka kyale shi, a kan a da b shimfidadden zato yake sakawa, wato komai na iya yiwuwa daidai wa daida, ana ce masa barin data ta yi magana. Ni ban yarda wannan tawali'u bane, don ba mai hankalin da ya yarda karin abu daya da mutum ya gani zai iya kara masa maki dubu a sikelin da ya tsaya a 80. Akwai dabarar da za ka sa model ya kirkiro data daga zaton farko kadai ba tare da ya ga taka ba. Na gwada da wani zato mai fadi sosai da na gani a wani darasi, sai ga shi yana fito min da mutane masu maki kasa da sifili da wasu sama da dari biyu. Daga nan na mayar da duk ma'aunan kan sikeli daya, na matse zaton har abin da yake kirkirowa ya yi kama da mutane.

Zato guda uku na rubuta wa Dokta, wato sufabaiza na. Na farko mai sassauci, tsakiyarsa sifili, fadinsa 1, ba ya goyon kowa. Na biyu na mai shakka, tsakiyarsa sifili amma a matse, kamar mutumin da ke cewa duk wannan surutu ne sai kin nuna min. Na uku na mai karatu, wanda ya jingina da abin da aka riga aka gano. Brewin da Andrews da Valentine a 2000 sun tattara bincike 77 suka ga rashin gata bayan aukuwar abu yana cikin manyan abubuwan da ke tafiya da PTSD, alakar ta kai wajen 0.4. To amma ban dauki 0.4 din na dora a kan b ba. Dalili na daya, wannan alaka ce tsirara ba a cire komai a cikinta ba, ni kuma b dina bayan an rike abin da mutum ya gani ne. Dalili na biyu, yawancin binciken nan a kasashen Turawa aka yi, da dama kan sojoji, ba kan matar da ke gidan haya a Gangare da 'ya'ya shida da dangin miji ba. Sai na rage shi rabi na bar masa fadi sosai. Wani zai ce ai son rai ne, eh akwai hukuncin mutum a ciki, amma ga shi a rubuce kowa na iya karantawa ya ce bai yarda ba ya saka nasa. Zabin wa za ka saka a model wa za ka bari ma ai hukunci ne, ba wanda ke tambayar masu SPSS.

Sai dubawa ko injin ya yi aiki daidai. Na bi jerin WAMBS na Depaoli da van de Schoot na 2017, matakai 10 ne, shi van de Schoot din ma ya yi aiki kan PTSD da kananan samfura don haka ya san ciwon. Rhat, lambar da ke nuna ko sarkokin sun hadu a amsa daya, kar ya wuce 1.01, zanen sarkokin hudu su cakude kar wata ta ware gefe, ka ninka zagayen ka ga ko amsa ta canza. Wannan bai ba ni wahala ba don model din karami ne. Abin da ya dan dame ni shi ne da na sa model ya kirkiro data bayan ya ga tawa, ya kasa kwaikwayon tarin mutanen da ke can kasa kusa da sifili, irin su Inna mai kasko. Na rubuta hakan karara a cafta ta biyar.

Sakamako kuwa, zato mai sassauci ya ba ni kusan abin da butstiraf ya ba ni, mafi yawan 4000 din suna bangaren da na zata amma jelar ta taba sifili. Wannan ya kamata duk mai shirin shiga Bayes ya ji da kyau, in ba ka saka wani sani a zaton farko ba kar ka sa ran zai haifar maka da mutanen da ba ka yi hira da su ba. Na mai karatu ya matse tazarar ta bar sifili. Na mai shakka ya jawo komai kusa da sifili. Ma'ana datata ita kadai ba ta isa ta sauya ra'ayin mai shakka ba, amma wanda ya yarda da binciken baya zai ga ta kara masa karfi. Ba karya, zuciya ta raya min in kai na ukun kadai cafta ta hudu in tura sauran can baya inda ba mai dubawa, sai dai takardar da Dokta ya sa wa hannu ta ce uku, don haka uku na jera.

Akwai kuma abin da Bayes ba ya tabawa ko kadan, kuma shi ya fi hana ni barci. Kibiyoyin da na zana daga X zuwa dan tsakani zuwa Y ni na zana su, ba data ba. Imai da Keele da Tingley a 2010 sun bayyana sharadin a fili, kafin ka kira a sau b sanadi sai in babu wani boyayyen abu da ke taba dan tsakani da sakamako a tare. A Jos kuwa ba sai ka yi nisa ba. Wanda aka kona wa shago ya rasa jari, rashin jari ya sa ya daina zuwa biki da suna don ba abin da zai kai, zumunci ya yi sanyi, kuma rashin kudin kansa yana hana barci. Da na saka asarar gida da ta sana'a a model din tasirin ya ragu a duka ukun, bai bace ba amma ya ragu. Wannan wanda na auna ke nan, wanda ban auna ba fa, kamar halin da mutum ke ciki tun kafin rikici.

Sannan kibiyar na iya juyawa. Mai wannan ciwon yana guje wa mutane, yana saurin fushi, matarsa ta gaji abokai su ja baya, kenan ciwon ne ya cinye gatan ba rashin gata ne ya kawo ciwon ba. Kaniasty da Norris a 2008 sun bi mutanen da ambaliya da zaftarewar kasa ta 1999 ta shafa a Meziko, suka ga a farko gata ne ke rage ciwo, amma da aka doshi shekara biyu sai ciwon ne ke rage gata. Ni kuma mutanena shekara goma, wasu ashirin, bayan abin na same su, kuma sau daya tak. Maxwell da Cole tun 2007 suka nuna irin wannan data ta lokaci daya na iya ba da amsar da ta yi nesa da gaskiyar abin da ke faruwa a tsawon lokaci. Ga kuma wadanda suka tattara suka koma Bauchi ko Kano ko kauyukansu, watakila su abin ya fi ci, ba ko daya a takarduna.

Ranar difens eksitanal din, wato mai jarrabawar da ya zo daga waje, wani dattijon farfesa ne, ya bude cafta ta hudu ya juya ya juya ya ce malama ina fi-balu dinki? Na ce babu ranka ya dade, ga dai tazara ga kuma kason da ya fi sifili. Ya ce to wannan firayo din ba ke kika zauna kika zabi wanda zai ba ki abin da kike so ba? Kafin in bude baki Dokta ya zaro takardar nan ya mika masa. Ya karanta kwanan watan, ya dubi teburin mai layi uku ya dade a kai, sai ya ce to a cikin ukun wanne ne gaskiya. Na ce ranka ya dade ya danganta da inda mai karatu ya tsaya kafin ya bude littafin, ni dai na fi karkata ga na ukun amma ba zan rantse a kai ba. Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana zama difens ba a taba ba shi amsa uku a kan tambaya daya ba.

Gyaran da ya ba ni biyu ne. In cire kalmar sanadi duk inda na rubuta ta a cafta ta biyar in mayar da ita alaka, sannan in kara teburin PROCESS a karshen littafin saboda wadanda za su karanta ba su san Bayes ba. Na farkon na yarda da shi dari bisa dari, na biyun dai na yi ne don a sa min hannu.

Yanzu abin da nake nema shi ne kudin komawa wurin mutanen nan karo na biyu da na uku, don sai da haka za a fara maganar wace kibiya ce ta riga wata. Yawancinsu sun yarda a sake tuntubarsu, lambobinsu na cikin akwatin karfe a ofishin Dokta daban da takardun amsoshin. Kawata ta gwada kiran wasu daga nata bangaren watan jiya don ta ga ko layukan na shiga, da yawa a kashe, wasu kuma wani ne daban ya dauka.